Dalilan Da Suka Sa Rediyon Gajeren Zango Ya Koma Shuuu A Biranenmu

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin tsofaffin masu sauraron rediyo a Kano, Kaduna, Zariya, Sakkwato da sauran manyan biranenmu. Akwatin da ya shekara ashirin yana kawo Landan da Jamus tangaran, yau in an kunna shi sai ƙugi da shuuu, muryar mai karanta labarai tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Wasu sun kai wa mai gyara, ya buɗe ya duba ya ce lafiyarsa lau. Wasu sun sayi sabo, amma ba ta canja zani ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wannan akwatin dai in aka tafi da shi ƙauye ɗaurin aure ko ta'aziyya, sai muryarsa ta dawo garau.

Galibi laifin ba na akwatin ba ne. Abubuwa biyu ne suka haɗu a lokaci guda. Na farko, gidajenmu da shagunanmu sun cika da na'urorin da ke fitar da hayaniyar lantarki wadda kunne ba ya ji, amma rediyo yana jin ta. Na biyu, manyan tashoshin da ke turo mana murya daga nesa sun rage ƙarfi, wasu ma sun rufe baki ɗaya. Mai magana ya yi ƙasa da murya, 'yan kasuwa kuma sun ɗaga tasu. Wanda ya fahimci waɗannan biyun zai iya dawo da wani kaso mai yawa na abin da ya rasa, kuma zai gane dalilin da ya sa lamarin ya wuce kewar zamanin da kawai.

Yadda murya ke tsallaka teku

Akwatunan rediyon da muka saba da su suna da zango uku: matsakaicin zango, gajeren zango da kuma FM. Matsakaicin zango a nahiyar Afirka yana tsakanin kilohaz 531 zuwa 1,602. Gajeren zango yana kamawa daga megahaz 3 zuwa 30. FM kuwa yana can sama, daga megahaz 87.5 zuwa 108.

Mitocin da masu gabatar da shiri ke ambatawa a farkon buɗe tasha, wato mita 49, 41, 31, 25, 19, 16 da 13, tsawon igiyar sautin ne. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da adadin megahaz. Rediyon Kaduna da aka san shi a kan kilohaz 6,090, wato megahaz 6.09, ya faɗa mita 49. Kilohaz 15,400 da BBC ta daɗe tana amfani da shi zuwa Afirka ya faɗa mita 19.

Igiyar FM miƙewa take yi sak kamar hasken tocila. Da zarar ta wuce inda ido zai iya hangowa daga ƙololuwar eriyar tasha, sai ta ɓace. Shi ya sa yawancin tashoshin FM ba sa wuce kilomita 50 zuwa 100. Gajeren zango kuwa yana da wata baiwa. A sararin sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomitoci, akwai wani rufin iska da hasken rana ke cika shi da cajin lantarki, masana suna kiransa ayonosfiya. Idan igiyar gajeren zango ta doki wannan rufi, sai ya lanƙwaso ta zuwa ƙasa. Tsalle ɗaya zai iya kai ta kusan kilomita 4,000, kuma takan sake tashi ta yi na biyu da na uku. Ta haka ne na'urar BBC da ke tsibirin Asenshan, a tsakiyar Tekun Atilantika, take isa rumfar mai shayi a Kano, tazarar sama da kilomita 3,000, ba waya, ba tauraron ɗan Adam.

Wannan rufi yana sauya hali tsakanin dare da rana. Da rana, ɓangarensa na ƙasa yana shanye matsakaicin zango da manyan mitoci irin su 49 da 41, sai ƙananan mitoci kamar 19, 16 da 13 su fi tafiya nesa. Da faɗuwar rana wannan ɓangare yakan watse, sai manyan mitocin su buɗe. Abin da ya sa ke nan da daddare allurar matsakaicin zango kan cika da tashoshin Larabci da na Faransanci waɗanda ba a jin ɗuriyarsu da hantsi. Shi ne kuma dalilin da tashoshin duniya ke sauya jadawalin mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba.

Me ya sa FM ba ya ƙugi?

Masu sauraro da dama sun lura cewa a ɗakin da gajeren zango ke ƙugi, FM yana fita tsaf. Bambancin yana cikin yadda ake ɗora murya a kan igiya. A matsakaici da gajeren zango, ana amfani da tsarin AM, inda ƙarfin igiyar ke hawa da sauka daidai da muryar mai magana. Matsalar ita ce, duk wani tartsatsin lantarki, daga walƙiya har zuwa filogin babur, shi ma hawa da saukar ƙarfi yake haifarwa. Akwatin ba shi da hanyar bambance muryar mai labarai da tartsatsin, sai ya fito da su tare.

A tsarin FM, wanda injiniya Ba'amurke Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, ƙarfin igiyar ba ya canjawa. Saurin kaɗawarta ne ke ɗauke da muryar, don haka akwatin yakan yanke duk wani hawa da saukar ƙarfi ya watsar. Ƙari a kan haka, yawancin hayaniyar na'urorin gida ta fi ƙarfi a ƙasan megahaz 30, daidai inda matsakaici da gajeren zango suke zaune.

Ɓarayin da ke cikin ɗaki

Da ɗan gari akan ci gari. Mafi yawan hayaniyar da ke kashe sauraro a yau daga cikin gidan mai sauraron take fitowa, ko daga gidan maƙwabcinsa.

A da, na'urar da ke rage ƙarfin wuta tiransifoma ce mai nauyi, naɗin waya a kan ƙarfe, tana tafiya da bugun wutar gida na sau 50 a daƙiƙa, ba ta damun kowa. Cajar waya ta yau ba ta da nauyi domin dabararta daban ce. Tana kunna wuta tana kashewa sau dubun-dubata a kowace daƙiƙa. Kowace kunnawa da kashewa ƙaramin tartsatsi ne, kuma hayaniyar ba a wuri ɗaya take tsayawa ba, maimaita kanta take yi ninki bayan ninki. A ɗauka caja tana aiki a kan kilohaz 66. Za ta bar sawunta a kan 132, da 198, da 264, haka har ninki na tara ya sauka a kan 594, lambar da aka san Rediyon Kaduna da ita a matsakaicin zango. Shi ya sa mai murɗa allura kan ci karo da irin ƙugi ɗaya a tazara daidai wa daida tun daga farkon zango har ƙarshensa.

Wannan dabarar ce a cikin ƙwayayen fitila na LED, da cajar kwamfuta, da dikoda, da talabijin na bango, da fanka mai caji, da na'urar daidaita cajin sola. Babbar cikinsu ita ce inbata, musamman mai araha wadda ke fitar da wuta a daddatse maimakon a sulale. Wayoyin da suka taso daga faifan sola a kan rufi zuwa batir, da waɗanda suka ratsa bangon gida, su ne ke zama eriyar da ke watsa hayaniyar. Gida guda mai inbata zai iya toshe sauraro ga maƙwabtansa na dama da hagu, shi kuwa bai ma sani ba.

Ba dole ba ne na'ura ta yi wannan ɓarna. Caja ko ƙwan fitila mai inganci yana da wasu ƙananan kayayyaki a ciki da aikinsu kawai shi ne tace hayaniyar kafin ta fita. Da yake cire su ba ya hana fitila haske, ba ya hana waya caji, masu ƙera kaya masu arha sukan tsallake su don rage kuɗi. Wani lokaci in mai gyara ya buɗe irin wannan caja, zai ga gurbinsu a kan allon, an zana amma ba a saka komai ba.

Halin da wutar lantarki ke ciki a ƙasar nan ya ƙara wa abin gudu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane kilowat a watan Afrilun 2024, 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa sun koma sola da inbata. Babu mai zarginsu, domin kowa yana neman haske da sauƙi. Sai dai kowane sabon faifai a kan rufi ƙarin murya ne a kasuwar da rediyo ke ƙoƙarin jin raɗa a cikinta. A shekarun baya, ɗauke wuta ni'ima ce ga mai sauraro, unguwa takan yi tsit, tashoshi su fito. Yanzu da an ɗauke wuta inbatoci da janaretoci suke tashi.

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta daɗe da kasa wurare gida huɗu wajen auna irin wannan hayaniya: tsakiyar birni, unguwannin zama, karkara, da karkara mai nisa da komai. Mafi tsananinta a tsakiyar birni take, mafi sauƙinta a can ƙarshen karkara. Amsar akwatin da ke warkewa a ƙauye ke nan.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Kamfanonin mota irin su Tesla da BMW sun cire rediyon AM daga motocinsu masu amfani da lantarki saboda injin motar kansa yana cika shi da ƙugi. A Amurka abin ya kai ga 'yan majalisa sun gabatar da ƙudiri a 2023 na tilasta barin AM a cikin kowace mota, bisa hujjar cewa da shi ake isar da gargaɗi a lokacin bala'i. Kamfanin Ford ya janye shirinsa na cirewa a watan Mayun shekarar.

Masu shigowa daga waje

Akwai kuma hayaniyar da ba daga ɗaki take ba, kuma kowace da irin sautinta. Janaretan fetur, babur da Keke Napep suna da filogi mai tartsatsi, ƙararsu tat-tat-tat ce da ke ƙara sauri in an taka totur. Injin dizal ba shi da irin wannan filogi. Mai walda yana haifar da ƙara mai kaushi da ke zuwa tana yankewa. Layin wuta na kan titi, in mahaɗarsa ta saki ko ƙurar hunturu ta lulluɓe tangaran ɗin da ke riƙe waya, yakan yi ta tartsatsi, a ji kamar ana suya a cikin akwatin. Da damina kuma, ƙarar faɗuwar kwano da ake ji jefi-jefi walƙiya ce, ko da hadarin yana da nisan ɗaruruwan kilomitoci.

Ita ma rana tana da nata hannun. Ƙarfinta yana hawa da sauka a zagaye na kimanin shekara 11. Zagayen da muke ciki ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin Amurka masu lura da sararin samaniya suka bayyana cewa ya kai ƙololuwa. A irin wannan lokaci ƙananan mitoci sukan yi kyau sosai, amma in rana ta yi aman wuta, gajeren zango kan ɗauke ɗif a ɓangaren duniyar da ke cikin hasken rana, na wasu mintoci ko sa'o'i. Wannan ba shi da magani sai haƙuri.

Nau'i na ƙarshe shi ne na ganganci. A zamanin yaƙin cacar baka, Tarayyar Sobiyet ta kafa tashoshi na musamman da ba su da aiki sai watsa ƙara a kan mitocin tashoshin Yamma, kuma ba ta daina gaba ɗaya ba sai a ƙarshen 1988. A Afirka ma, Firaministan Habasha na lokacin, Meles Zenawi, ya fito fili a 2010 ya ce a shirye yake ya ba da umarnin toshe sashen Amhara na Muryar Amurka.

Su ma tashoshin sun ja baya

Da a ce hayaniya ce kaɗai, da ƙarfin tashoshi ya rinjaye ta. To amma su ma sun ja da baya. Na'urar gajeren zango mai ƙarfin kilowat 250 ko 500 tana shan wuta kamar ƙaramin gari, kuma gwamnatocin da ke biyan kuɗin sun karkata zuwa intanet da haɗin gwiwa da tashoshin FM na cikin gida.

BBC ta daina watsa gajeren zango zuwa Arewacin Amurka tun 2001. Rediyon Kanada ya rufe nasa a 2012, na Ostireliya a Janairun 2017. Tashar da Muryar Jamus ta gina a Kigali ta Ruwanda a 1965, wadda ta shekara hamsin tana ɗauko shirye-shiryenta zuwa sassan Afirka, an rufe ta a Maris na 2015. Sashen Larabci na BBC ya kashe rediyonsa a Janairun 2023 bayan shekara 85. A Maris na 2025 kuma, bayan wani umarni na Shugaba Donald Trump, aka tura ma'aikatan Muryar Amurka hutun dole, masu sauraron sashen Hausa suka wayi gari ba su ji shirin da suka saba ba.

A gida ma haka abin yake. Tun da dokar 1992 ta kafa Hukumar NBC ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta biyo a Kano a 2003, hankali ya koma FM. Tashoshin jihohi da dama sun bar na'urorinsu na matsakaicin zango sun mutu saboda tsadar dizal da kayan gyara. Manyan na'urorin Rediyon Kaduna da ke Jaji, waɗanda suka taɓa kai muryar Arewa ƙasashe maƙwabta, sun tsufa, kuma tashar ta sha ɓacewa daga mita 49 na tsawon lokaci.

Abin da ake kewa

Dangantakar Bahaushe da rediyo tsohuwa ce. An fara da akwatin da ake jona wa waya daga tashar gari, wanda ya iso Legas a shekarun 1930, Kano kuma a 1944. Sashen Hausa na BBC ya fara a ranar 13 ga Maris, 1957, da shiri na minti 15 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Muryar Jamus da Rediyon Sin sun buɗe sassan Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007.

Zuwan ƙaramin akwati mai batir shi ya fitar da rediyo daga falon ma'aikaci ya kai shi gona, kasuwa da ruga. National Panasonic, Philips da Sony a da, daga baya Kchibo da 'yan uwansa na ƙasar Sin. A da, da lokutan shirye-shirye mutane ke saita yininsu: BBC da shida da rabi na safe, Jamus da biyu na rana, BBC da uku, Amurka da huɗu, Faransa da biyar, sannan BBC ta dawo da takwas da rabi na dare. A majalisu akan yi shiru in an buga taken labarai, a ci gaba da muhawara in an gama.

Ta rediyon Kaduna ne Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabinsa a ranar 15 ga Janairun 1966. Tun daga nan 'yan Najeriya suka koyi cewa in aka wayi gari da kiɗan soja a rediyon gida, sai a murɗa zuwa Landan don jin abin da ke faruwa. A zamanin Janar Sani Abacha, 'yan adawa sun yi amfani da gajeren zango wajen watsa Rediyo Kudirat daga ƙasashen waje.

Amma ba siyasa kaɗai ake tunawa ba. Akwai Zaɓi Sonka, inda mutum zai sayi kati ya gaida abokan da bai taɓa gani ba a Maraɗi, Garwa ko Kumasi, har aka kafa ƙungiyoyin zumunci da suka haifar da ziyara da auratayya. Akwai Jakar Magori, da Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Amsoshin Takardunku, inda wasiƙa kan yi makonni a hanya kafin a karanta sunan mai ita duniya ta ji. Tasha guda ce ke haɗa Bahaushen Sudan da na Gana a sa'a ɗaya. Tashar FM, komai farin jininta, ta garinta ce.

A ƙasashen Turai, Amurka da Japan akwai masu sha'awar da suka mayar da sauraro farauta. Burinsu shi ne kamo tasha mafi nisa, su rubuta mata rahoton ranar da suka ji ta da mitar da ingancin sautin, ita kuma ta aiko musu da katin shaida da ake kira QSL. Rediyon Kaduna a kan kilohaz 4,770 yana cikin tashoshin Afirka da suka sha shiga littattafansu. Su ne suka fara kuka da hayaniyar na'urorin zamani. Yau wasunsu a ƙasar Finlan sai sun yi tafiya zuwa dazuzzukan arewa mai nisa, su shimfiɗa wayoyi masu tsawon kusan kilomita guda, kafin su sami shirun da kakanninsu ke samu a ɗakin kwana.

Abin da mai sauraro zai iya yi

Matakin farko shi ne gano ɓarawon. A sa wa akwatin batir, a kamo inda ƙugin ya fi ƙarfi, sannan a kashe babban makunnin gida tare da inbata. In ƙugin ya ɗauke, daga cikin gida yake. Sai a mayar da wuta, a riƙa zare na'urori ɗaya bayan ɗaya har a kai ga mai laifin. A tuna cewa caja da dikoda suna hayaniya matuƙar suna jikin soket, ko da ba a amfani da su. Haka nan ana iya zagayawa da akwatin a hannu, domin ƙarar takan ƙaru in an kusanci tushenta.

Na biyu shi ne nisa. Hayaniyar na'ura tana raguwa da sauri in an matsa. Taku biyar ko goma daga inbata, ko fita tsakar gida, kan raba tsakanin ji da rashin ji. Sauraro da batir ya fi jona akwatin a wuta, domin ta wayar wutar hayaniya ke shigowa kai-tsaye. Mai akwati mai caji ya guji sauraro yana caji.

Na uku, a san eriyar da ke aiki. Sandar da ake zarowa ta gajeren zango ce da FM. Matsakaicin zango yana da tasa eriyar a cikin akwatin, don haka juya akwatin kansa a hankali kan sa ƙugi ya ragu tasha ta fito. Ga gajeren zango, waya mai rufi ta mita 10 zuwa 15 da aka shimfiɗa a waje, nesa da bango da faifan sola, aka naɗa ƙarshenta a jikin sandar, tana taimakawa ƙwarai. Sharaɗi biyu ne ba a wasa da su: kada wayar ta kusanci layin wuta ko ta ratsa samansa ko ƙarƙashinsa, kuma a cire ta daga akwatin da zarar hadari ya haɗu.

Na huɗu, a zaɓi mita daidai da lokaci. Manyan tashoshi sukan watsa shiri ɗaya a kan mitoci biyu ko uku. In ɗaya ta cika da ƙara a gwada wata, ƙananan mitoci da rana, manya da asuba da dare.

Na biyar ya shafi sayayya. Ƙwan fitila ko cajar da ke ƙugi a sauya su da masu inganci, kuma ana iya gwada su da ƙaramin rediyo tun a shago. Mai shirin haɗa sola ya nemi inbata mai fitar da wuta a sulale, ya sa ma'aikacin ya gajarta wayoyi, ya haɗa su kusa da juna, ya kuma kafa wayar ƙasa yadda ya kamata. Wannan dunƙulen da ake gani a ƙarshen wayar cajar kwamfuta matacin hayaniya ne, ana sayar da irinsa mai maƙalawa, kuma yakan rage ƙara in an sa a wayoyin na'urar da ke damun.

Me za a rasa in ya mutu?

Mai waya a hannu zai iya cewa duk wannan wahala ta mece ce, tunda shirin yana Facebook da YouTube, tashar FM ta gari ma tana ɗaukowa. Amsar tana cikin abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan.

A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, da sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Na tsawon makonni ba kira, ba data. A Jamhuriyar Nijar, sojojin da suka karɓi mulki sun dakatar da Rediyon Faransa a Agustan 2023, suka kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, abin da ya hana tashoshin FM na ƙasar ɗauko shirye-shiryenta. Burkina Faso ta yi wa BBC da Muryar Amurka irin haka a Afrilun 2024. A nan gida ma, a 2004 Hukumar NBC ta hana tashoshin cikin gida ɗauko labaran kafofin waje kai-tsaye. Wasiƙa ɗaya daga ofis ta isa ta rufe FM, umarni ɗaya ya isa ya kashe turakun waya. Igiyar da ke saukowa daga sama ba ta neman lasisi, ba ta cin data, kuma ba ta barin shaidar wanda ya saurare ta. Ita kanta BBC da ta rage gajeren zango, shi ta koma wa lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukiren a 2022 da Sudan a 2023.

Saboda haka akwai aiki a gaban hukumomi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke tantance kayan lantarkin da ake shigowa da su, kuma hayaniyar da na'ura ke fitarwa tana cikin abubuwan da ƙasashe da dama ke aunawa kafin su bar ta shiga kasuwa. 'Yan kasuwar da ke oda daga ƙasar Sin suna da ikon gaya wa masana'anta irin ingancin da suke so, bambancin kuɗin kuma ba mai yawa ba ne a kan kowace caja. Kamfanonin rarraba wuta in sun gyara mahaɗar da ke tartsatsi, kansu suka yi wa, domin wuta ce ke zuba a banza. Gwamnatin Tarayya da na jihohin Arewa kuma ya kamata su ɗauki na'urar matsakaici ko gajeren zango guda mai lafiya a matsayin kayan ko-ta-kwana, kamar motar kashe gobara, wadda ba kullum ake buƙatarta ba amma ba a so a neme ta a rasa.

Shi kuwa mai tsohon akwati a kan kabad, kada ya yi saurin ba yara su kwance. Ya sa masa sabon batir, ya fita da shi tsakar gida bayan sallar Isha, nesa da inbata, ya zaro sandar ya murɗa a hankali tsakanin mita 49 da 31. Har yanzu akwai masu magana a can.